Kar A Taɓa

Dala talatin na biya na shiga
irin gidan da kakata ta yi shekara goma sha ɗaya
tana tara kuɗin fita daga cikinsa.

Ba nata ba ne na ainihi.
Nata an rushe, yanzu tabarau ake sayarwa a wurin.
Amma matakalar ita ce dai,
siririya, mai duhu ko da tsakar rana,
katakon dafawa ya yi sumul
da tafin hannun mutanen da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido.

Yesenia, mai yi mana jagora, ta ce,
"Ku bi a hankali. Kar a taɓa komai."
Mu goma sha biyu muka cika ɗakin,
muna taka juna, muna ba juna haƙuri.
Ta ce mutum tara suke kwana a nan.
Wani mai kyamara a wuya ya kaɗa kai,
ya ɗauki hoton gado.

Ga keken ɗinki a bakin taga.
Ga dutsen guga a kan murhun kwal.
Ga baho: da safe a wanke jariri,
da rana a jiƙa wanki,
da dare a ɗora masa katako, ya zama tebur.
Bango yana saɓa kamar maciji,
takarda a kan takarda har goma sha bakwai,
kowace mace ta zo ta manna furanninta
a kan furannin wadda ta tashi.

Sun yi ƙoƙari, ba na musu.
To amma ina warin?
Kakata Assunta ba ta taɓa ba ni labarin furanni ba.
Kabeji take faɗi, da kananzir,
da zufan 'yan haya uku da ke kwana a kicin,
da makewayi ɗaya na gida huɗu.
Sai kuma Perla, ta bayan bango,
wadda ta zo daga wata ƙasar sanyi da fitilun azurfa biyu,
ta sayar da ɗaya a shekarar farko.
Ba su da harshe ɗaya a tsakaninsu, sai ƙwanƙwasa:
biyu, ara mini gishiri;
uku, mai karɓar haya yana hawowa, yi shiru;
in kuwa ba ƙaƙƙautawa,
naƙuda ce, taho da ruwan zafi.
Haka aka haifi mahaifina,
a hannun matar da ba ta iya kiran sunansa daidai ba har ta mutu.

Na bari suka wuce ɗaki na gaba.
Na faki ido,
na ƙwanƙwasa sau biyu.

Ɓurɓushin fenti ya zubo mini a takalmi.
Shi ke nan.

A gindin matakala wata mata na jira mu gama,
da bokiti, da tsumma a kafaɗa,
Dolma, in ji ƙaramin allon da ke ƙirjinta.
Duk faɗin birnin New York
ita kaɗai aka yarje wa ta taɓa keken nan,
ta share ƙurar gadon mutum tara.
Bakina ya riga ni, na ce,
"Ba ya ba ki tausayi, kullum kina ganin yadda suka zauna?"

Ta matse tsumma.
Ta dubi sama, kamar mai auna ɗakin da ido.
Ta ce, "Mu bakwai ne, a ƙarƙashin ƙasa, can hayin kogi.
Wannan ai yana da taga."

Ta hau da bokitinta.
Ni kuwa ƙofar fita ta bi da ni ta shagon tsaraba,
inda ake sayar da hoton tagar
a jikin kofin shayi.